Yawun jariri, nonon uwa da borin jini: tambayoyin da iyaye a Jos ke yi

Da hunturu ya kama a Jos, layin awon yara kan cika da atishawa da ƙuraje. Wata uwa ta ce nononta ne bai karɓi yaron ba, wata ta ɗora wa kunun gyaɗa laifi. Amsar wasu daga cikin tambayoyin nan tana cikin abin da ba a cika kula da shi ba, wato yawun da ke dalala a haɓar yaro.

Me ke cikin yawu da har masu bincike ke auna shi?

Akwai wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgA. Aikinsa gadi ne a ƙofa. Yana shafe cikin baki, maƙogwaro da hanji, ya kama ƙwayoyin cuta da ɓurɓushin abinci kafin su ratsa su shiga jini. Ba ya tayar da hankalin jiki, riƙe abu kawai yake yi har a wuce da shi. Ɗan'uwansa IgE kuwa mai saurin fushi ne. Shi ke sa jiki ya saki sinadarin histamin, sai a ga ƙaiƙayi, kumburi da borin jini. A 1966 zuwa 1967 aka gano IgE, a Amurka da Suwidin.

Jariri da nasa IgA yake zuwa duniya?

Kusan babu. Abin da yake samu ta mabiyya wani sinadarin garkuwa ne daban, IgG, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe na ciki, kuma wannan a jini yake aiki. Nasa IgA yakan fara bayyana a yawu cikin makonnin farko, amma sai ya yi shekaru kafin ya kai na manya.

Nan ne dakashi ya shigo. Wannan ruwan ɗorawa mai kauri da ke fitowa a kwanakin farko bayan haihuwa cike yake da IgA, ya ninka na nonon da ke biyo baya sau da yawa. Abin sha'awa, hanjin uwa ne ke koya wa nononta abin da zai yaƙa. Ƙwayoyin garkuwar da suka haɗu da cuta a hanjinta kan yi ƙaura zuwa mama. Ke nan matar da ke zaune a Gangare ko Anguwar Rogo tana bai wa ɗanta kariya daga cututtukan da ke cikin ruwan unguwarsu da ƙurar gidansu, abin da madarar gwangwani ba ta iya yi. Don haka in kaka ta ce a matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, a lallaɓa ta cikin ladabi, amma a ba yaro abinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Ina alaƙar wannan da borin jini da asma?

Masu bincike a Linköping da ke Suwidin sun bi yara tun suna jarirai, suka ga waɗanda IgA ɗin yawunsu ya yi jinkirin ƙaruwa sun fi nuna alamun rashin jituwa da abinci ko ƙura. Da suka kwatanta yaran Suwidin da na Estoniya, inda yara suka fi cuɗanya da ƙwayoyin halitta a gida, sai suka ga IgA ya fi saurin hawa a yaran Estoniya. Mutanen da aka haifa da ƙarancin IgA ma sun fi fama da irin waɗannan matsaloli. Sai dai alaƙa ce aka gani a tsakanin yara masu yawa. Ba a auna yawun yaro ɗaya a ce masa zai yi asma, kuma ba gwajin da za ki je asibiti ki nema ba ne.

To nono zalla yana hana borin jini?

A kan gudawa da ciwon huhu, amfaninsa tabbatacce ne. A kan rashin jituwa da abinci, sakamakon bincike ya sha bamban, don gado yana da ƙarfi a nan. Uwar da ta shayar wata shida cur kuma ɗanta ya yi ƙuraje kada ta zargi kanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla. Sauran ana haɗa musu da ruwa ko koko, galibi don tsoron ƙishirwa, alhali mafi yawan nono ruwa ne.

In jinkirta kunun gyaɗa har ya shekara?

Da can haka likitocin Turai ke cewa, sai binciken LEAP na Landan ya juya maganar a 2015. An ɗauki jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, rabi suna cin gyaɗa tun da wuri, rabi an hana su. Da suka shekara 5, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana ba sa jituwa da gyaɗa, a masu ci kuwa kusan kashi 3 ne. Ashe iyayenmu da ke dama kunun gyaɗa ba su yi kuskure ba. In ya cika wata shida, a fara da kaɗan, mai laushi, da gyaɗar da ba ta yi fumfuna ba. Ƙwayar gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna shaƙe yaro. Mai ƙuraje masu tsanani kuwa, likita ya fara ganinsa.

Tauna wa yaro abinci fa, tunda yawu na da garkuwa?

Wani bincike a Gothenburg a 2013, kan yara 184, ya ga ƙarancin ƙuraje a yaran da iyayensu ke tsotse musu robar tsotso don tsabtace ta. Amma yawun babba na ɗauke da ƙwayoyin ruɓewar haƙori, kuma an samu yaran da suka kamu da HIV ta abincin da mai gyambon baki ya tauna musu. Gara a murƙushe da cokali.

Yaushe zan garzaya asibiti?

In bayan cin wani abu leɓe ko fuska ta kumbura, numfashi ya yi ƙara, ya yi ta amai ko jikinsa ya saki, kada a tsaya shafa man kaɗanya. A nufi asibiti mafi kusa ko na koyarwa da ke Lamingo, a tafi da ragowar abin da ya ci.