Kai Iyali Babban Wurin Wasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lilo, Layi da Wasannin Dandamali

Manyan wuraren wasa na iyali, inda ake tara lilo iri-iri da wasannin dandamali da jerin gwano a cikin shinge guda, suna cin kuɗi kuma suna cin ƙarfi. Mutane da dama kan fito daga cikinsu da yamma ƙafa ta kumbura, yara suna kuka, alhali ba a mori rabin abin da aka biya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi kafin zuwansu na farko.

Mene ne ya bambanta irin wannan wuri da filin lilo na yau da kullum?

Filin lilo tsohon abu ne. Bakken da ke arewacin Kofanhagan a ƙasar Denmak ya samo asali tun 1583, lokacin da jama'a ke taruwa a bakin wata maɓuɓɓugar ruwa, 'yan kasuwa da masu wasa suka biyo su, kuma har yau yana aiki. Lambun Tivoli da ke cikin birnin kuwa an buɗe shi a 1843. Sabon abin da ƙarni na 20 ya kawo shi ne gina wurin gaba ɗaya a kan jigo, ta yadda gine-gine da kiɗa da tufafin ma'aikata da lilon kansu duk suke ba da labari guda. Walt Disney, Ba'amurke mai shirya fina-finan zane, ya sha faɗin cewa tunanin ya zo masa ne yana zaune a kan benci a wani lambu na Los Anjalas, yana kallon 'ya'yansa mata biyu suna hawan lilon dawakai, shi kuwa ba shi da abin yi sai jira. Wurin da ya so shi ne wanda babba da yaro za su more tare, kuma ya buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, an kasa shi unguwa-unguwa, wannan ta tatsuniya, waccan ta daji da kasada, wata kuma ta rayuwar gobe. Daga nan salon ya bazu: Legoland a garin Billund na Denmark a 1968, Walt Disney World kusa da Orlando a Amurka a 1971, sannan wasu wuraren na Disney kusa da Tokiyo a 1983, kusa da Paris a 1992, da Shanghai a 2016.

Amfanin sanin wannan ga mai ziyara shi ne ya gane cewa lilo kashi ɗaya ne kawai na abin da tikitinsa ya saya.

Lilon nan mai gudu a kan dogo, mai hawa da gangara, me ke tafiyar da shi, kuma me ke hana shi tashi daga kan hanya?

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawancin lilon dogo ba su da inji a jikin taragonsu. Wata sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai a sake su, nauyinsu ya yi sauran aikin. Shi ya sa a irin wannan lilo tudun farko ne mafi tsawo, kowane tudu da ke binsa kuma ya fi shi gajarta, domin gogayyar ƙafafu da iska suna rage gudun kaɗan-kaɗan. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawa, wadda ke sa gaban sabon shiga ya faɗi, ƙarar wani harshen ƙarfe ne da ke bin haƙoran da aka jera a jikin dogon, kuma aikinsa shi ne ya riƙe taragon kada ya koma baya idan sarƙa ta tsinke ko wuta ta ɗauke.

Ƙafafun taragon kuwa kashi uku ne. Akwai na sama da ke ɗauke da nauyi, akwai na gefe da ke riƙe shi a kwana, akwai kuma na ƙasa da ke kama dogon ta ƙarƙashi don kada ya ɗaga. Na ƙasan nan wani injiniya Ba'amurke mai suna John Miller ne ya yi musu rajista a 1919, kuma su ne suka buɗe ƙofar gina gangara mai tsanani. Idan aka lura da madaukin da ke kifar da mutane kai ƙasa, za a ga ba cikakkiyar da'ira ba ce, ya fi kama da ɗigon hawaye da aka juya. Cikakkiyar da'ira tana matsa wa wuya da ƙashin baya fiye da kima a wajen shiga da fita, kuma an yi fama da wannan matsala a madaukan farko kafin injiniyan Jamus Werner Stengel ya kawo sabuwar siffar a 1976. A wajen tsayawa, na zamani da yawa suna amfani da birkin maganaɗisu, wanda ba ya buƙatar wutar lantarki kuma ba ya taɓa jikin taragon balle ya cinye.

Nisan da aka yi a wannan fanni abin lura ne. Lilon dogon da aka buɗe a Coney Island ta birnin New York a 1884 gudunsa bai wuce kimanin kilomita 10 a awa ba, yayin da Formula Rossa na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, yake kai kilomita 240 a awa cikin kimanin daƙiƙa 5, har sai an ba mahaya tabarau na kariya saboda ƙura da ƙwari.

Me ya sa ake auna tsawon yaro maimakon a tambayi shekarunsa?

Saboda ƙarfen da ke danne cinya ko kafaɗa bai san shekaru ba. An ƙera shi ne ya kama jiki mai wani girma, kuma yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙarƙashinsa a lokacin da taragon ya gangara jiki ya ɗaga daga kujera. Iyakokin da aka fi gani a manyan lilo suna tsakanin santimita 102 da 137, kuma kowane lilo da nasa.

A nan ne iyaye suka fi yin abin da bai dace ba. Za ka ga uba ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon ma'aikaciya, yaron ya ɗage dunduniya yana miƙa wuya, tsakanin kansa da sandar awo bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ma'aikaciyar da ta ƙi ta yi daidai, kuma wanda ya cusa wa yaro takarda a takalmi don ya ƙara tsawo ɗansa ya cuta. Mafita mai sauƙi ita ce a auna yaran a gida, a duba iyakar kowane lilo a shafin wurin na intanet, sannan kada a yi wa yaro alkawarin abin da ba zai hau ba. Wurare da yawa suna da tsarin musaya: ɗaya daga cikin iyaye ya hau, ɗayan ya jira da ƙaramin, sannan su canza ba tare da an sake bin layi ba. Sai dai galibi sai an tambaya a ƙofar lilon kafin a shiga.

Su wane ne bai kamata su hau ba, kuma me ke kawo jiri?

Allon gargaɗin da ke bakin kowane babban lilo yakan ambaci mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Ya kamata a ɗauke shi da gaske, domin hawan jini musamman ba ya nuna kansa a fuska. Jiri da tashin zuciya kuwa suna zuwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa da abin da sashen daidaito na cikin kunne ke ji. Wannan ne dalilin da lilo mai juyi a wuri ɗaya, da ɗakunan da kujera ke motsi a gaban babban allo, suka fi lilon dogo kayar da manya. Kada a hau da cikakken ciki, kada kuma a hau da yunwa, a jingina kai da kujera, a kalli gaba. Waya da hula da tabarau da duk wani tufafi mai kaɗawa a bar su a akwatin ajiya, domin wayar da ta kuɓuce a sama dutse ce ga wanda ke baya.

Yaya za a rage zaman layi?

A iso kafin a buɗe ƙofa, a fara da lilon da ya fi farin jini, domin awar farko ta fi awa uku na tsakar rana albarka. Ranakun aiki a lokacin da makarantu ke buɗe sun fi ƙarshen mako da hutu sauƙi. Tun da kamfanin Disney ya fito da tsarin kama lokaci mai suna FastPass a 1999, kusan kowane babban wuri yana da hanyar tsallake layi, yawanci yanzu da ƙarin kuɗi. A ganina ba ta da wani amfani ga iyalin da yaransu ƙanana ne, tunda lilon da ake sayar da ita dominsu su ne waɗanda yaran ba su kai hawa ba.

Ba ɓata lokaci ba ne a zauna kallon wasa alhali ga lilo ba a gama hawa ba?

Wannan tunani shi ne ke lalata wa iyalai da yawa yininsu. Lilo mafi tsananin gudu minti 2 ne ko 3, bayan an tsaya masa awa guda a rana. Wasan dandamali kuwa yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, a zaune, a inuwa, kuma shi ne kusan abu ɗaya da kaka da jika da mai ciki da mai keken marasa lafiya za su mora a lokaci guda, babu sandar awo babu allon gargaɗi. Masu tsara wuraren su ma suna da nasu lissafin, domin zauren da ke haɗiye mutum dubu biyu ko uku a zama ɗaya yana rage cunkoso a hanyoyi. Wannan yana nufin cewa lokacin babban jerin gwano ko wasan wuta na dare layukan lilo sukan ragu, kuma matasan da ba su damu da kallo ba za su iya cin moriyar hakan.

Dabarar ita ce a karɓi jadawalin wasanni tun a ƙofa, ko a duba shi a manhajar wurin, a gina yinin a kansa. Lilo yana nan duk lokacin da aka je, amma wasan ƙarfe biyu idan ya wuce ya wuce. A sa wasannin cikin zaure a tsakiyar rana, lokacin da zafi da layi suka fi tsanani kuma yara suka fara ƙorafi. A wasannin bajinta, inda ake tuƙin ganganci da tsalle daga sama da tashin wuta, kujerun tsakiya daga ɗan sama sun fi na gaba, domin daga can ake ganin fili duka. Idan wasan na ruwa ne, layukan gaba galibi an yi musu alama, kuma wanda ya zauna a can zai tashi sharkaf. Jerin gwano kuwa sai an kama wuri da wuri, a gefen da rana ba ta dukan fuska, kusa da hanyar fita idan akwai keken jariri.

Ƙaramin yaro zai iya jure ƙarar da hasken?

Ba kowane ba. Sautin da ya haura desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti yana iya cutar da ji idan aka daɗe a cikinsa, kuma wasan wuta daga kusa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Abin rufe kunne na yara ba shi da nauyin ɗauka, kuma kallon wasan wuta daga nesa bai rage masa kyau ba. Wanda ke da farfaɗiya ya tambaya ko ana amfani da fitila mai walƙiya, domin tana iya tayar da ciwon ga wasu.

Akwai kuma batun masu shigar dabbobi da jaruman zane. Yaron da ke son beran nan Mickey Mouse ko agwagwar nan Donald Duck a talabijin zai iya ƙanƙame wuyan mahaifiyarsa yana ihu idan ya ga abin ya fi babansa tsawo, ga ƙaton kai, ga fuskar da ba ta motsi. Kada a tura shi don a samu hoto. A bar shi ya kalli wasu yara suna gaisawa daga nesa, sau da yawa shi da kansa zai matsa. A tuna kuma cewa mutum ne a cikin kayan, yana fama da zafi kuma ba ya gani sosai, shi ya sa ake raka shi kuma ake janye shi ya huta bayan ɗan lokaci.

Idan lilo ya tsaya cak da mutane a sama, alamar haɗari ce?

Yawanci alamar tsarin tsaro ne yana aiki. An kasa dogon gida-gida, kuma kwamfuta ba ta barin tarago biyu su shiga gida ɗaya. Da zarar na'urar lura ta ga abin da bai yi mata ba, ko da kuskuren karatu ne, sai ta tsayar da kowa a birki mafi kusa. Abin da ake buƙata daga mahayi shi ne ya zauna, kada ya taɓa ƙarfen da ke riƙe da shi, ya jira ma'aikata su sake tayar da lilon ko su sauko da shi ta matakalar da ke gefen dogo. Haka nan ana rufe dogayen lilo idan aka hango walƙiya ko iska ta yi ƙarfi, kuma ba kowane wuri ne ke mayar da kuɗi saboda yanayi ba, don haka a karanta sharuɗɗan tikiti kafin a saya.

Me za a yi idan yaro ya ɓace a cikin cunkoso?

Shirin yana farawa tun a ƙofa. A ɗauki hoton kowane yaro da safe da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu ko a ɗaura masa a hannu, sannan a nuna masa yadda tufafi da bajon ma'aikata suke, a gaya masa su ne zai nema. Ƙananan yara a koya musu su tsaya inda suke, manya kuma a ware musu wurin haɗuwa guda wanda ake hangowa daga nesa, kamar gindin babban lilon nan mai siffar ƙafar keke. Idan abin ya faru, mutum ɗaya ya tsaya a inda aka rabu, ɗayan ya sanar da ma'aikaci mafi kusa nan take, domin suna da rediyo kuma suna da ofishin da ake kai yaran da aka tsinta. Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan an tashi daga wasan wuta na dare, sa'ad da dubban mutane ke nufar ƙofa ɗaya a cikin duhu, kuma iyalin da suka zauna a kan benci na minti 20 kafin su tashi za su fita a hanya mai sarari.