Ma'anar Iya Mashal a Tsarin Sojan Sama

Mutanen Maradi da ke bin labaran Najeriya sun saba jin ana cewa "Iya Mashal wane", musamman idan an naɗa sababbin manyan hafsoshi a Abuja, kuma da yawa suna ɗaukar muƙamin daidai da na Mareshal Idriss Déby na Chadi, wanda aka ɗaura wa wannan girma a watan Agustan 2020. Ba haka abin yake ba. Iya Mashal janar ne mai tauraro uku a rundunar sojan sama, wato takwaran Laftanar Janar na sojan ƙasa, alhali Mareshal irin na Déby yana saman dukkan janar-janar.

Asalin muƙamin daga Ingila yake. Rundunar sojan samanta, wadda aka kafa a 1918, ta tsara wa hafsoshinta sunaye na daban a 1919 domin kada a riƙa haɗa su da na sojan ƙasa, kuma Najeriya ta ɗauki wannan tsari bayan ta kafa tata rundunar a 1964. Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, shi ya sa hafsan sama a sansanin Yamai ko na Agadas yake amsa sunan kyaftin, kanar ko janar kamar ɗan'uwansa na ƙasa. Amadou Abdramane, wanda ya karanta sanarwar juyin mulki a daren 26 ga Yulin 2023, sojan sama ne, amma Kanar Manjo aka kira shi. Ruɗanin ya ƙaru a wurinmu ne saboda a jandarmomi ma akwai mai amsa sunan mareshal, alhali matsayinsa na saje ne kawai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne hanyar da ake bi kafin a kai nan, domin muƙamin yana zuwa ne a ƙarshen aiki. Hafsa yakan fara daga ƙasa bayan horo a makarantar soja irin ta Kaduna, ya koyi tuƙin jirgi ko injiniyanci, ya jagoranci ƙaramin rukunin jirage, sannan sansani guda, yana komawa kwas tsakanin matsayi da matsayi. Idan ya wuce Gurup Kyaftin, wanda yake daidai da kanar, sai ya zama Iya Kwamado mai tauraro ɗaya, daga nan kuma Iya Bayis Mashal mai tauraro biyu. A nan galibin waɗanda suka yi nisa suke tsayawa, kamar marigayi Hamza Abdullahi, wanda ya yi gwamnan soja a Kano daga 1984 zuwa 1985 kafin ya riƙe ministan Abuja.

Tauraro na uku kuwa a al'adance yana tafiya ne da kujerar babban hafsan sojan sama, wadda shugaban ƙasa ke bayarwa. Sadique Baba Abubakar, haifaffen Azare kuma matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ya shiga soja a 1979, amma sai a 2015, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗora shi a kan rundunar, ya zama Iya Mashal, kuma ya riƙe kujerar har zuwa Janairun 2021. A ganina, wannan ne ya kamata mai sauraro ya lura da shi: ƙwarewa da shekarun aiki suna kai mutum bakin ƙofa, amma zaɓin shugaba ne yake shigar da shi, kuma da zarar an zaɓi ɗaya, waɗanda suka riga shi shiga aiki sukan yi ritaya, tunda ba a son babba ya riƙa sara wa na bayansa.

Akwai mataki na sama da wannan, Iya Cif Mashal mai tauraro huɗu, wanda ake bai wa hafsan sama idan ya zama babban hafsan tsaro, wato na saman hafsoshin dukkan rundunonin ƙasar, kamar Paul Dike a 2008 da Alex Badeh a 2014.