Kalua: me kalmar ke nufi, kuma yaya ake yin sa a gida?

Mai yawan leƙa shafukan girke-girke na ƙasashen waje da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wani nama da aka yayyaga sili-sili ba, yana ƙyallin kitse a kan ganyen ayaba, an rubuta "kalua" a ƙarƙashinsa. Kalmar ta harshen mutanen Hawai ce, tsibiran nan na tsakiyar tekun Fasifik da suka zama jiha ta 50 a Amurka a 1959. Ma'anarta dafa abinci a cikin rami. Ramin shi ake kira imu, alade kuma pua'a, saboda haka abin da ya yi suna a duniya cikakken sunansa pua'a kalua, wato aladen da aka dafa a rami. Kada a rikita ta da Kahlúa, wata barasar kofi ta ƙasar Meziko. Kamar suna ce kawai ta haɗa su.

Ke nan kalua hanyar dafuwa ce. Yana da kyau a fahimci wannan tun da wuri, domin Musulmi na jin alade zai kau da kai, ya ɗauka babu ruwansa da zancen. Naman alade haramun ne gare shi, babu ja a nan. Amma a imu ana saka kifi, kaza, dankali da gwaza, kuma a watan Nuwamba, lokacin bikin godiya na Amurkawa, akwai makarantu da ƙungiyoyi a Hawai da ke haƙa ƙaton rami, kowane gida ya kawo talotalonsa a naɗe, ya biya ɗan kuɗi, washegari ya zo ya karɓa a dafe.

Aikin imu ba na mutum ɗaya ba ne. Ana haƙa rami daidai girman abin da za a dafa, a jera itace, a ɗora duwatsu a kai, a cinna wuta. Duwatsun na aman wuta ne, masu ƙananan ƙofofi a jiki, domin suna riƙe zafi kuma ba su cika fashewa ba. Dutsen da ya sha ruwa yana iya tarwatsewa ya ji wa mutum ciwo. Itacen da aka fi so yanzu shi ne kiawe, ɗan'uwan kiryar da maƙeranmu ke yabon gawayinta. Shi ma baƙo ne a tsibiran: wani limamin Katolika Bafaranshe, Alexis Bachelot, ya dasa na farko a Honolulu a 1828. Bayan awa biyu zuwa uku itacen ya zama garwashi, duwatsu sun yi jawur, sai a baje su. A nan ne ake kawo kututturen ayaba, a tsattsaga shi, a daddaka, a shimfiɗa a kan duwatsun. Sai ganyen wani tsiro mai suna ti. A goge dabbar da gishiri ciki da waje, a cusa wasu duwatsu masu zafi a cikinta don ta dahu ta ciki ma, a kwantar da ita. A lulluɓe da ganyen ayaba, sannan jiƙaƙƙun buhunan algarara, sannan tamfol, a bi gefe da ƙasa a toshe duk inda tururi ke fita. Daga nan sai jira, awa shida zuwa takwas, wani lokaci kwana guda cur in dabbar babba ce.

Kututturen ayaban nan shi ne sirrin. Kusan duk jikinsa ruwa ne, yana taɓa dutse mai zafi sai ya koma tururi, tururin kuma ba shi da hanyar fita. Don haka duk da ana ce masa gashi, ya fi kusa da yadda ake turara dambu. Harshen wuta ba ya taɓa naman, ba ya yin ɓawon nan mai ƙauri. Zafi mai damshi da ya daɗe yana narkar da jijiya da tantanin da ke riƙe tsoka, kitse ya ratsa ko'ina, har a kai matsayin da ƙashi ke zarewa da hannu. Ƙanshin hayaƙi daga garwashin yake zuwa, ɗan ƙanshin ɗanyen ganye kuma daga ayaba da ti. Bayan gishiri ba a ƙara komai.

Alade ya isa Hawai ne a cikin kwale-kwalen mutanen Folinisiya, wato mazauna wasu tsibiran Fasifik, da suka fara zama a tsibiran, tun kafin Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya iso a 1778. A zamanin da, akwai dokar gargajiya da ake kira kapu, wadda ta hana maza da mata cin abinci tare, ta kuma haramta wa mata naman alade, kwakwa da yawancin nau'in ayaba. Maza ne ke girki, kuma ramin abincin mata daban yake da na maza. A 1819 Sarki Kamehameha na Biyu ya zauna ya ci abinci da matan gidan sarauta a bainar jama'a, dokar ta rushe. A 1847 ƙaninsa, Kamehameha na Uku, ya yi wata walima da har yau ake ba da labarinta, inda aka dafa alade 271. Irin wannan walima ce daga baya aka riƙa kira luau, sunan da asalinsa na ɗanyen ganyen gwaza ne da ake dafawa a wurin. Yau otal-otal na sayar wa masu yawon buɗe ido tikitin luau, a tara su su kalli yadda ake tone ramin, kowa ya ɗaga waya.

To, mai zama a gidan haya fa? Shi ma ɗan Hawai na yau ba kullum yake haƙa rami ba. Abin da akasari ake yi shi ne a sayi kafaɗar alade, wajen kilo biyu, domin ita ce ke da kitse da jijiyar da dafuwa mai tsawo ke buƙata. A soke ta ko'ina da tsinin wuƙa, a goga gishiri mai gwari-gwari kamar babban cokali ɗaya da rabi. Mutanen can suna son jan gishirinsu mai suna alaea, wanda ake gauraya shi da jan yumɓu, amma gishirin teku na kasuwa ma ya wadatar. Sai babban cokali ɗaya na ruwan hayaƙi, wato hayaƙin itace da aka sanyaya ya koma ruwa ana sayarwa a kwalba. Wani Ba'amurke, Ernest Wright, ya fara kasuwancinsa a 1895. A kiyaye da shi, in ya yi yawa naman ɗaci yake yi. A ɗan gifta ganyen ayaba a kan wuta ya yi laushi, a naɗe naman, a ƙara naɗewa da takardar alminiyam, a sa a faranti mai zurfi da ruwa kofi ɗaya, a rufe ruf. Tanderun gas ko na lantarki, zafi digiri 150 a ma'aunin Celsius, awa biyar zuwa shida. Mai tukunyar lantarkin nan da ke dafuwa a hankali yana iya barin sa ya kwana a ciki. An san ya yi idan cokali mai yatsu ya shige ba tare da turjiya ba. A yayyaga shi, a mayar masa da romon da ya tsatso, a ɗanɗana gishiri.

Kafaɗar rago tana karɓar wannan hanya sosai, haka ma cinyar kaza mai fata, sai dai kaza ba ta kai rabin wannan lokacin. Ɗan akuya kitsensa kaɗan ne, gara a ɗora masa yankan kitse a sama kafin a naɗe. Wanda bai samu ruwan hayaƙi ba yana iya fara nuna wa naman garwashi na 'yan mintoci ya ɗauki ƙanshi.

Akwai abin da ke ba ni haushi a yawancin bidiyon da ke yawo: da an ce Hawai sai a zuba abarba, sukari da jan miyar kwalba. Abincin zai iya yin daɗi, amma ba kalua ba ne. Ko fizar nan mai abarba da ake jingina wa Hawai, a Kanada Sam Panopoulos ya ƙirƙiro ta a 1962. Haka kuma, a ganina, na tanderu kwaikwayo ne mai kyau, amma kwalbar hayaƙi ba ta kamo garwashi da ganyen da suka kwana a ƙarƙashin ƙasa.

A wurin walima ana cin sa da poi, wato gwaza dafaffiya da aka kirɓa aka dama da ruwa, wadda rashin gishirinta ke daidaita na naman. A ranakun aiki kuwa da farar shinkafa ake haɗa shi. Abin da ya kwana sai a yanka kabeji manya-manya, a zuba a tukunya tare da naman da ɗan romonsa, a rufe minti goma har kabejin ya yi laushi.