Wasiyya

Wasiyya ita ce bayanin da mutum yake bari tun yana raye kan yadda za a yi da dukiyarsa ko wani sashe nata bayan ya mutu. Ba ta fara aiki sai ranar da rai ya yi halinsa, shi ya sa mai ita zai iya canza ta ko ya soke ta duk lokacin da ya ga dama, kuma nan ne ta bambanta da kyauta, wadda da zarar an bayar an karɓa shi ke nan. Wanda aka ɗora wa alhakin zartar da ita shi ne wasiyyi. In babu wasiyya, dokar gado ce ke raba komai.

Tarihi

Abu ne daɗaɗɗe sosai. Akwai wata takarda daga tsohuwar Masar, ana kyautata zaton ta ƙarni na 12 ce kafin haihuwar Annabi Isa, inda wata mata mai suna Naunakhte ta cire wasu daga cikin 'ya'yanta takwas daga abin da ta mallaka, dalilinta kuwa shi ne ba su kula da ita ba da ta tsufa. A birnin Atina na Girka ana danganta wa Solon, wani mai tsara dokoki, wajajen shekara ta 594 kafin Annabi Isa, dokar da ta ba wanda ba shi da ɗa namiji damar barin dukiyarsa ga wanda yake so.

Rumawa ne dai suka fi kowa ɗaukar abin da zafi. Tun a dokokinsu na alluna goma sha biyu, wajajen 450 kafin Annabi Isa, an yarda da wasiyya, sai mutane suka riƙa rabar da dukiya ga abokai da wannan da wancan har magajin da aka naɗa ya tarar ba abin da ya rage masa sai bashi, shi kuma ya ce ya fasa karɓa, to in ya ƙi karɓa wasiyyar duk ta rushe. Wannan ya sa a shekara ta 40 kafin Annabi Isa aka yi dokar Falcidia, wadda ta ce dole a bar wa magaji aƙalla rubu'i. Daga nan zuwa yau rigimar ɗaya ce: mai dukiya yana son ya yi yadda ya so, iyali kuma suna da haƙƙi, kowace doka tana neman inda za ta ja layi ne kawai.

A Musulunci

An ja layin a sulusi. Asalinsa shi ne lokacin da Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku, ya kuma nuna masa cewa hakan ma da yawa. Tsarin shi ne a fara da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan a raba gado. A mazhabobin Sunna ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince, Ja'afariyya, wato mazhabar 'yan Shi'a, sun halatta a cikin sulusin. Masar a 1946 ta kawo wasiyya ta dole don jikokin da iyayensu suka riga kakan rasuwa, wasu ƙasashe sun bi ta, wasu malamai ba su gamsu ba.

Ingila da Faransa

Waɗannan biyun hanya daban-daban suka bi, kuma ƙasashe da dama sun gaji ɗaya daga ciki. A Ingila dokar 1540 ta zamanin Henry na 8 ce ta buɗe ƙofar yin wasiyya da filaye, sai dokar 1837 ta zo da sharuɗɗan da har yanzu ake bi: a rubuce, mai ita ya sa hannu, a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda. Abin da ke kada mutane shi ne in shaida yana cikin waɗanda aka yi wa wasiyyar, ko matarsa ko mijinta, to takardar tana nan amma rabonsa ya faɗi. Haka kuma ɗaura aure yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa, sai in an rubuta ta ne da niyyar wannan auren. Can mutum zai iya hana 'ya'yansa komai, sai dai dokar 1975 ta ba iyali da waɗanda yake ɗauke da nauyinsu damar zuwa kotu su nemi a yanka musu wani abu.

Faransa kuwa tun kundin dokokinta na 1804 ta keɓe wa 'ya'ya kaso da ba a taɓawa: rabi in ɗa ɗaya ne, biyu cikin uku in su biyu ne, uku cikin huɗu in sun kai uku ko fiye. Amma wajen rubutawa ta fi sauƙi, mutum ya rubuta da hannunsa duka, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ba lauya ba shaida. Irin wannan ce wani manomi, Cecil Harris, ya yi a Kanada a 1948 da tarakta ta danne shi, ya sa wuƙa ya karce a jikin ƙarfenta cewa komai na matarsa ne, kotu kuma ta karɓa.

Abin da ke ɓata ta

Rashin cikakken hankali lokacin yin ta, tilastawa, ko jabu. Wadda aka yi daga baya tana shafe ta farko a duk inda suka ci karo.

A yau

Wasu jihohin Amurka, Nevada ce kan gaba tun 2001, sun yarda da wasiyya ta kwamfuta. Mafi yawan wurare har yanzu takarda da biro ake nema.