Ƙwayoyin zinare a cikin ruwa: ba duk shuɗi ne nasara ba

Me ya sa ruwan ya yi ja, alhali zinare rawaya ne?

Ƙanƙanta ce. Ƙwayar zinare mai faɗin nanomita 15 zuwa 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) tana shanye koren haske, mai tsawon zango wajen nanomita 520, sai ja ya rage wa ido. Michael Faraday ya yi bayanin irin wannan ruwa a Landan tun 1857.

Zan iya ajiye shi a firiza?

A'a, kuma bakina ya gaji da faɗa. Ƙanƙara tana matse ƙwayoyin su manne. Firij ya isa, wajen digiri 4 na Celsius.

Me ke hana su mannewa tun farko?

Sitiret, wani sinadari mai alaƙa da tsamin lemo. A hanyar Turkevich ta 1951, wato dafa gishirin zinare da sitiret a ruwa don samar da ƙwayoyin, shi ke lulluɓe kowace ƙwaya da caji iri ɗaya, sai su riƙa ture juna.

Na zuba gishiri, ruwan ya koma shuɗi. Sun jeru da kansu cikin tsari ke nan, kamar yadda ake so?

Wataƙila, amma da wuya. Shuɗi abu ɗaya yake nunawa: ƙwayoyin sun matso kusa da juna. Bai ce sun yi sahu ba. Gishiri yana rufe cajin da ke raba su, sai su afka wa juna su dunƙule barkatai. Bar kwalbar ta kwana. In da safe ka ga baƙin gari a gindi, ruwan da ke samansa ya yi fari tas, to ya lalace, girgiza ba za ta dawo da shi ba.

Jeruwa ta gaskiya tana son mahaɗi. A 1996 Chad Mirkin da abokan aikinsa sun ɗaura wa ƙwayoyin zaren DNA: suka haɗu, launi ya juya, da aka ɗumama ruwan suka rabu, ja ya dawo. Wannan komowar ita nake fara nema. Ko ita ma alama ce kawai, don ganin tsarin jerin sai madubin elektron, na'urar hango abubuwa ƙanana ƙwarai, shi ɗin ma da hattara, tunda bushewar ɗigon da za a duba na iya jera ƙwayoyin da a cikin ruwa a warwatse suke. In DNA kake ɗaurawa, zuba gishirin kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i, kada ka juye shi gaba ɗaya.

Ban zuba komai ba, amma ya yi shuɗi.

Kada hankalinka ya tashi, kusan kowa ya taɓa gamuwa da haka. Galibi kwalba ce ba ta wanku ba, ko ruwan ba tatacce ba ne. Wanke ta sosai, ka sake dafa sababbin ƙwayoyi.