Kalandar Hindu ba irin ta Hijira ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka tunda mabiya addinin Hindu ma da wata suke lissafi, to bukukuwansu zagaye shekara suke kamar azuminmu da yakan faɗo a zafi, a kwana a tashi ya koma damina. A'a fa, ba haka abin yake ba. Bikin Diwali kullum tsakanin Oktoba da Nuwamba yake.

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuma 365, to wannan giɓin na kusan kwana 11 shi suke bari ya taru, duk bayan wata 32 da ɗoriya sai su ƙara wata guda sukutum, shekarar ta zama mai wata 13, sunansa Adhik Maas. Kuma ba wai wani ne ke zama ya zaɓa ba, duk watan da ya fara ya ƙare rana ba ta shiga sabon buruji ba shi ne na ƙari. A 2023 watansu na Shrawan ne ya zo sau biyu.

Wasu kuma cewa suke wannan wata na ƙari watan nahisa ne don ba a ɗaura aure ko tarewa a sabon gida cikinsa. Alhali su a wajensu watan Bishnu ne, ɗaya daga cikin allolinsu, azumi da sadaka da karatun littattafansu ake yi, a garin Rajgir na jihar Bihar a Indiya ma har taro ake cika maƙil ana wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi.