Mashigin Jirgin Ruwa na Yauri

Mashigin Yauri shi ne bakin gaɓar Kogin Kwara, wato Neja, da ke Yelwa, hedikwatar Masarautar Yauri a kudancin Jihar Kebbi, inda jiragen fito ke ɗaukar mutane da kaya zuwa tsibirai da ƙauyukan ƙetare. Yana kusa da ƙarshen arewacin Tafkin Kainji. Mai zuwa daga Birnin Kebbi ko Sakkwato yakan biyo ta Jega da Koko, mai zuwa daga kudu kuma ta Kontagora. Akwai wasu mashigai a masarautar, kamar na Zamare da ke kallon Rofiya ta Jihar Neja, da na Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski.

Tarihi

Fito a wannan yanki ya girmi garin Yelwa, wanda bai zama mazaunin sarki ba sai ƙarshen ƙarni na 19; tun asali gadon sarauta yana Bin Yauri. Ƙasar Yauri tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken goro ke bi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, kuma ayari ba ya isa ƙasar Bargu da ke yammacin kogin sai ya ƙetare Kwara. Gungawa mazauna tsibirai da Sarkawa masunta su ne masu jirage da sanin ruwa, kuɗin fito kuwa yana cikin abin da sarauta ke samu.

Ta nan Bature Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya halaka a duwatsun Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardunsa. Babban canji ya zo a 1968, da aka gama madatsar Kainji: ruwa ya cinye tsibirai da fadamu da tsohon garin Busa, aka sake wa fiye da mutum 40,000 matsuguni. Saboda haka gaɓar da baƙo ke gani a yau ba ita ce ta zamanin fatake ba, kuma yawancin tsofaffin mashigai suna ƙarƙashin ruwa.

Yadda wurin yake

Mashigi ba gini ba ne tsayayye. Gangare ne da jirage ke kafa hanci a kai, sai rumfunan jira, da inuwar itatuwa inda matafiya ke shimfiɗa tabarma, da masu sayar da soyayyen kifi da bandararre. Nan ne wurin zaman mai kallo. Giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu su ne kifin da aka fi gani, buhunan albasa kuma, wadda Yauri ta yi suna da ita, kan cika gaɓa a lokacin rani.

Abin da ke rikita baƙo shi ne bakin ruwan yana tafiya. Kwara tana yin cika biyu a shekara. Ta farko, farin ruwa mai laka, ruwan damina ne na kusa, daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu, baƙin ruwa, shi ne wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, bai iso nan ba sai cikin hunturu. Daga nan tafki ke ta ja da baya, saboda madatsa na sakin ruwa don wutar lantarki, har ya kai ƙarshen raguwarsa a farkon damina. A irin wannan lokaci wurin da jirgi ya tsaya a Disamba yakan zama busasshiyar ƙasa ko gonar rani, sai an taka mai nisa, wani lokaci cikin taɓo, kafin a kai ga jirgi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa da ziyara. Ruwa a cike yake, babu hadari, sai dai hazo yakan rufe ƙetare da safe. Wanda ya yi sa'a ya dace da bikin Rigata, inda ake tseren kwale-kwale da wasannin ruwa a gaban Sarkin Yauri.

Shiga jirgi

Baƙo ya fara da sallama ga shugabannin masu jirgi ko wakilin Sarkin Ruwa, musamman idan zai ɗauki hoto. A daidaita kuɗi tun a tudu, a kuma fayyace ko zuwa ne kawai ko zuwa da dawowa, domin shatar jirgi daban take da kuɗin kujera, kuma a nan ake yawan samun saɓani.

Kafin a sa ƙafa, a dubi abu uku. Na farko tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi; idan ba ta wuce taki ɗaya na hannu ba, jirgin ya cika, ko da mai shi ya ce akwai wuri. Na biyu cikin jirgin: jirgin katako ba ya rasa ɗan yoyo, shi ya sa ake ajiye yaro mai kwarfe ruwa, amma idan yaron bai huta ba tun jirgi yana tsaye, a jira wani. Na uku filafili da sandar tuƙi, don ranar da inji ya mutu. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta wajabta sa rigar kariya daga nutsewa, ta kuma hana tafiyar dare. Rigar sai an ɗaure igiyoyinta ta kama jiki. Wadda aka rataya kawai takan suɓule ta kai da zarar an faɗa ruwa.

Kaya masu nauyi, kamar buhuna da babura, ƙasa ake sa su a tsakiya. Mutane su zauna a raba nauyi dama da hagu, kada kowa ya miƙe lokacin da jirgi ke juyawa.

Abin da ke jawo haɗari

Lodi fiye da kima shi ne kan gaba, ranar kasuwa ce kuma lokacinsa, idan kowa yana son komawa gida kafin magariba. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Watan ma abin lura ne: ruwa ya ragu, kututturan itatuwan da tafki ya shanye tun 1968 sun matso kusa da sama, ga guguwar farkon damina mai tasowa daga gabas da la'asar ba tare da dogon gargaɗi ba. Faɗin tafkin yana ba iska damar tayar da igiyar ruwa, jirgin da ya nutsa da kaya kuwa igiya biyu ko uku sun isa su cika shi.

Mutuwar inji tana biye. Yawancin injinan da ake ɗaura wa jiragen nan masu haɗa fetur da baƙin mai ne, galibi rabin lita na mai ga lita 25 ta fetur. Idan aka rage mai inji ya yi zafi ya kafe, idan aka yi masa yawa fulogi ya toshe. Fetur ɗin jarka da ruwa ya shiga shi ma yana kashe shi, haka tsohuwar raga ko ciyawar ruwa idan ta naɗe farfela.

Akwai dorina a wannan ruwa, ta fi haɗari idan tana da ɗa, kuma matuƙa sun san wuraren zamanta suna kauce musu. A gaɓa kuwa, abin da ya fi kama baƙo shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa marar gudu mai ciyawa, ta shiga ta fata, don haka yaran da aka bari suna wanka a gefen mashigi su suka fi ɗauka. Alamarta jini a ƙarshen fitsari bayan wasu makonni, maganinta kuma ƙwayar praziquantel ce da ake bayarwa a asibiti gwargwadon nauyin jiki.